Sabunta Teburin Cin Abinci da Kujerun Katako na Hannu a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin teburan hannu da suka lalace wajen gyara, sanfefa ce ta kashe su, domin mai su ya kama gurza tun bai san irin katakon da ke gabansa ba, bai kuma san abin da aka shafa masa tun farko ba. Amsoshin da ke ƙasa sun bi aikin yadda ya kamata ya gudana, daga wurin ciniki har ranar da za a ɗora kwano.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Ka kifa kujera, ka leƙa ƙarƙashin tebur da tocila. Sama ana iya goge ta da mai ta yi ƙyalli na kwana biyu, ƙasa kuwa ba mai yi mata kwalliya. Ka dafa tebur da hannu biyu ka girgiza, ka zauna a kowace kujera ka jingina. Girgiɗi daga mahaɗa ba abin tsoro ba ne, gam ke maganinsa, kuma hujja ce ta neman ragi. Abin gudu uku ne: ƙafar da ta karye a daidai mahaɗa, saman da ya kantare har wani gefe ya ɗaga, da katakon da farce ke shiga cikinsa don ya ruɓe ko ƙwari sun cinye cikinsa. Don gane kantarewa, ka ɗora miƙaƙƙen katako ko dogon ma'auni a faɗin teburin ka duba ko haske na wucewa ta ƙasa. Milimita 2 ko 3 ana zama da su. Abin da ya kai kaurin yatsa ba aikin gida ba ne.

In ba saiti ɗaya ba ne, ka auna. Tsayin teburin cin abinci wajen santimita 75 ne, mazaunin kujera wajen 45.

Yaya zan gane katako ne zalla ko falle aka manna?

Ka dubi bakin teburin ta ɓangaren da aka yanke katakon. In zalla ne, zanen da ke sama zai gangaro bakin, ka ga ƙananan ramuka da zobban shekarun itace. In falle ne, wato siririn ɓawon katako da aka manna a kan allo, za ka ga siririn layi inda aka manna, ko zanen sama ya saɓa wa na ƙasa. Fallen zamani bai fi rabin milimita kauri ba sosai, injin gurza kuwa yana huda shi cikin daƙiƙoƙi, musamman a baki da kusurwa. Falle ana gyara shi, amma da maganin cire shafe da gurzar hannu mai laushi.

Akwai na uku: allon MDF ko na garin katako da aka lulluɓe da takarda ko roba mai hoton katako. Alamarsa zane iri ɗaya yana maimaita kansa, da kumburi a inda ruwa ya taɓa shiga. Wannan ba ya karɓar kala, fenti kawai, shi ma sai an sa na share fage. Wanda ya riga ya kumbura ba ya komawa.

Na kawo su gida. In fara gurza?

A'a. Ka fara wankewa da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, da tsumman da aka matse sosai, ka bi da busasshe nan take. Maiƙon abinci da daɗɗen folish da suka ƙi fita, ka goge su da tsumma mai ɗan farin sifirit na tsarma fenti. In ka gurza a kan maiƙo, sanfefa za ta toshe, ta kuma tura maiƙon cikin katako, daga baya shafe ya ƙi kamawa.

Sannan ka bar su a ɗaki mako biyu ko uku, musamman in daga Legas ko Kwatano ko Turai suka zo. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa. A Kano ko Maraɗi danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a hunturu, ya haura 70 a watan Agusta. Gara teburin ya yi tsukewarsa ya nuna inda zai tsage tun ba ka ɓata gam da banish ba.

Na ga ƙananan ramuka da gari a ƙasa. Gara ce?

Da wuya. Gara tana zuwa da ƙasa, tana gina hanya. Ramuka zagayayyu masu faɗin milimita 1 zuwa 2 da gari mai laushi aikin tsutsar wani ƙwaro ne mai huda katako, kuma ya fi son fararen katakai irin obece da afara. Ka share garin, ka shimfiɗa baƙar leda a ƙasa kwana uku. In sabon gari ya zubo, suna nan da ransu.

Zafi ke kashe su. Ka naɗe kayan a baƙar leda, ka ɗaure, ka ajiye cikin zafin ranar Maris ko Afrilu wuni biyu ko uku kana juyawa. Ana so zafin ya kai wajen digiri 55 har cikin katakon. Illar wannan ita ce gam na iya saki, siririn katako ya tsage, don haka a yi shi kafin gyaran mahaɗa. Wannan zafin yana kashe kuɗin cizo da ƙwansa, kuma kujerar hannu mai soso ka ɗauka tana da shi har sai ka tabbatar babu: ka duba ɗinki da ramin sukuru, ka nemi baƙaƙen ɗigo. Fiya-fiya da baƙin man inji ba su da gurbi a kan abin da za a ci abinci. Baƙin mai ma yana hana shafe kamawa.

Dole ne in cire tsohon shafen gaba ɗaya?

Sau da yawa ba dole ba ne, kuma a nan ake rage rabin wahala. In shafen ya dushe ne kawai, da 'yan ƙarce, bai ɗaye ba, bai farfashe ba, ya isa a wanke, a ɗan goga sanfefa mai laushi lamba 320 har ƙyallin ya mutu, a ƙara irinsa a kai. Sharaɗin shi ne ka san irinsa.

Gwajin mai sauƙi ne. A wani ɓoyayyen wuri, kamar cikin ƙafa, ka ɗiga sifirit irin na asibiti mai ƙarfi ka jira minti ɗaya. In ya yi laushi yana kama yatsa, shelak ne, wani shafe na ƙaro da ake narkarwa a sifirit, wanda ake samu a tsofaffin kayan Turai. In bai motsa ba, ka gwada tinar selulos. In ta narkar da shi, folish ɗin selulos ne na fesawa, wanda mafi yawan kafintocinmu ke amfani da shi. In duk biyun ba su narkar da shi ba, banish ne na mai ko foliyuretan, wani banish mai ƙarfi na zamani.

Amfanin sanin nan: selulos a kan selulos yana narkewa ya haɗe, ba matsala. Selulos a kan banish na mai kuwa yana tattare shi ya yamutse, domin tinar ta fi ƙarfinsa. Saman tebur da ya ɗaye, ko ruwa ya ratsa shi har katako ya yi baƙi, wannan sai an sauke shi duka.

Da me zan cire: magani, kankara ko sanfefa?

In selulos ne ko shelak, abin da ya narkar da shi a gwaji shi zai wanke shi: tina ko sifirit, da soson ƙarfe mai laushi da tsummoki da yawa. Banish da fenti suna son maganin cire fenti. Ka shafa da kauri a wuri kaɗan, kamar rabin mita, kada ka yi ta jan buroshi a kai, ka rufe da leda don kada ya bushe, ka jira minti 15 zuwa 30 ko yadda gwangwanin ya ce, sannan ka kankare da faffaɗan ƙarfe kana bin tsawon katako. Ka ɗan goge kusurwoyin ƙarfen kafin ka fara, su ne ke yin rami. Lungunan kujera kuma tsohon buroshin haƙori da zaren buhu.

Da yawa daga waɗannan magunguna suna ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda Amurka ta hana sayar wa masu aikin gida a 2019 saboda tururinsa ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna. Ka yi aikin a tsakar gida ko rumfa, da tabarau da safar hannu mai kauri, yara kuma su yi nisa. Takunkumin yadi ba ya tare tururi.

Kostik soda, wadda ake haɗa sabulu da ita, tana cire fenti da arha, amma tana baƙanta madaci da iroko, tana sakin gam, tana tayar da falle. Ba mu ba da shawararta.

In kayan masu tsohon fenti ne mai kala, ka ɗauka akwai dalma a ciki. Ƙurar dalma ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Irin wannan fenti ba a gurza shi a bushe, ba a ƙona shi. A cire da magani, a tattara dattin a leda, mai ciki kuma kada ta kusanci wurin.

Kujerun duk suna girgiɗi. In buga ƙusa?

Ƙusa ita ce babbar abokiyar gabar kujera. Tana tsaga harshen katakon da ke shiga rami, bayan wata kaɗan girgiɗin ya dawo, a lokacin kuma buɗe mahaɗar ya zama aiki. Tura gam ta baki ba tare da buɗewa ba shi ma ɓata gam ne, domin farin gam yana kama tsiraran katako ne, ba ya kama tsohon gam.

Ga yadda ake yi. Ka manna tef a kowane ɓangare ka rubuta lamba, domin ƙafafun da ka ga kamar ɗaya suke ba sa musanya. Ka kwance 'yan katakan kusurwa da ke ƙarƙashin mazauni, ka zare duk ƙusa da sukurun da wani ya taɓa sawa. Ka buɗe mahaɗa da gudumar roba, ko guduma da guntun katako a tsakani. Wadda ta ƙi buɗuwa kuma ba ta motsi, ka ƙyale ta. Ka kankare tsohon gam daga harshe da cikin rami har katako ya fito, ruwan zafi ko ruwan binega na taimakawa, amma kada ka rage naman katakon. Ka gwada haɗawa ba gam. In harshen yana yawo a rami, ka naɗa masa siririn ɓawon katako ko zaren auduga da gam, ya bushe, ka daidaita.

Sai ka shafa farin gam na katako, irin su Top Bond, a harshe da rami duka biyu, ka haɗa kujerar gaba ɗaya a zama ɗaya, a kan daɓe mai lebur. Wanda ba shi da maɗaurin ƙarfe ya yanka tsohon tub ɗin taya tsiri-tsiri ya ɗaure da ƙarfi, ko ya zagaya igiya sau biyu ya murɗa ta da sanda, da kwali a kusurwa. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, in awon ya zo ɗaya kujerar ta miƙe. Ka ɗora nauyi a mazauni, ka goge gam da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar ta awa 24. A hunturu gam yana yin fata cikin minti 5, don haka komai ya kasance a hannu kafin a buɗe robar. Gam na roba irin na takalmi ba na mahaɗa ba ne.

Wace lambar sanfefa, kuma a ina zan tsaya?

Bayan an cire shafe da magani, 120, sai 150 ko 180, a ƙare da 220 in ana so. Lamba 80 sai ga katako zalla mai zurfin rauni. Falle kuwa 180 ko 220 da hannu kawai. Kada ka tsallake fiye da mataki ɗaya, domin aikin kowace lamba shi ne goge ƙarcen wadda ta gabace ta. Ka naɗe sanfefar a lebur ɗin katako, ka bi tsawon zare, ban da ƙetarawa. Ka yi zane-zane da fensir a saman teburin, in ya goge ko'ina ka canza lamba. Ƙarcen da ido bai gani yanzu, kala za ta fito da shi ƙarara, don haka ka goga farin sifirit ka haska tocila ta gefe kafin ka ce ka gama.

Injin da ake sa wa faifai na yankan ƙarfe kada ya taɓa saman tebur. Ƙurar iroko da ta mansoniya tana sa tari da ƙaiƙayi da ciwon ido, a sa takunkumin ƙura na gaske.

Tabon kofi da lotsewa da tsaga fa?

Farin zobe danshi ne da ya maƙale a cikin shafe, bai kai katako ba. Busasshen yadin auduga da dutsen guga mai ɗan ɗumi, daƙiƙa kaɗan-kaɗan, yakan fitar da shi. Baƙin tabo ya kai katako: ruwa da ƙarfe ne suka haɗu da sinadarin tanin na itacen. Gurza ba ta kai shi. Bayan cire shafe, a narkar da cokali biyu na garin asid ɗin okzalik a rabin lita na ruwan ɗumi, a shafe saman duka ba tabon kaɗai ba, ya bushe, a ɗauraye sau biyu ko uku kafin a gurza, domin ƙurarsa guba ce.

Lotsewar da zaren bai yanke ba tana tasowa da tururi: jiƙaƙƙen tsumma, dutsen guga mai zafi, daƙiƙa 10, a maimaita. A kan falle a yi hattara, zafi na sakin gam. Ƙananan ramuka a cike da fila, wato ƙullun cike rami, mai kalar katakon. Haɗin garin katako da farin gam yana cikewa, amma ba ya shan kala, sai ya fito fili. Doguwar tsaga tsakanin allunan sama ba ta fila ba ce. A duba ƙasa, galibi an ɗaure saman da sukuru ƙam har ya rasa wurin motsi. A kwance, a tsabtace tsagar, a sa gam a matse, sannan a faɗaɗa ramukan sukurun gefe su zama dogaye ta faɗin tebur.

In sa kala?

Madaci da iroko da tik da madobiya ba sa buƙata, banish kaɗai yana fito da su. Ka jiƙa wuri da farin sifirit, kalar da ka gani ita za ka samu. Fararen katakai irin malaina da obece da fain na Turai su ne ake rinawa, kuma su ne ke shan kala dabbare-dabbare. Maganinsa a fara shafa banish da aka tsarma sosai, kashi ɗaya a kashi uku ko huɗu na farin sifirit, ya bushe, a ɗan gurza, sannan kala. Ka gwada a ƙarƙashin tebur har da banish a kai. Ka shafa, ka jira minti 5, ka goge rarar duka. Kalar da aka bari da kauri ba ta bushewa, ita ke saɓule banish daga baya.

Wane shafe ya fi dacewa da teburin abinci?

Ga mai buroshi a gida, foliyuretan na mai. Yana jure ruwa da zafin kwano da miyar manja fiye da selulos, wanda ya fi saurin bushewa da kyau a ido amma yana son injin fesawa, kuma kofin shayi yana yi masa zobe. Na ruwa ba shi da wari sosai, kalarsa ba ta rinewa da shekaru, sai dai a zafinmu yana bushewa a bakin buroshi. Man linsid yana da sauƙin shafawa da gyarawa, kariyarsa kaɗan ce. Man gyaɗa da sauran man girki ba sa bushewa, wari suke yi. Mai rabin ƙyalli ya fi ɓoye ƙura da ƙarce.

Kada a sa silar selulos, wato shafen share fage na selulos, a ƙarƙashin foliyuretan. Kafintoci sun saba da ita domin tana cika ramuka da sauri, amma foliyuretan ba ya riƙe ta, yana ɗayewa falle-falle.

Nawa zan saya, kuma yaya zan shafa?

Lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya. Tebur mai santimita 180 da 90, sama da ƙasa da ƙafafu, lita ɗaya ta ishe shi. Kujeru shida su ci lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka ƙara lita biyu na farin sifirit da buroshi mai kyau na inci 2 ko 3.

Ka juya gwangwani da sanda, ban da girgizawa, kumfa yake kawowa. Shafar farko a tsarma da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na farin sifirit, ba tinar selulos ba, ba fetur ba. Ka shafa siriri, ka ƙare da ja ɗaya mai sauƙi daga wannan baki zuwa wancan, kada ka koma inda ya fara kamawa. Bayan awa 24 ka goga 320 sama-sama, ka share ƙura, ka sake. Sama shafa uku ko huɗu, ƙafafu da kujeru biyu ko uku. Kujera ta fi daɗi da tsumma: a tsarma rabi da rabi, a goga, a ninka yawan shafa, ba zuba ba hawaye. A fara ta a kife.

Ƙarƙashin tebur ma a ba shi shafa ɗaya ko biyu, don danshi ya riƙa shiga ɓangarorin biyu daidai.

Wane lokaci ne ya fi?

Hunturu yana busarwa da sauri amma ƙura ce ke sauka a kai. Tsakiyar damina ba ƙura, sai jinkirin bushewa, selulos kuma ya yi fari kamar hazo. Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi sauƙi. Kowane lokaci ne, a yi gurza a waje, a yi shafa a ɗakin da aka share tun jiya, a yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe fanka, a bar taga mai raga a buɗe, da safe kafin iska ta tashi. Ba a shafa a cikin rana: katako mai zafi yana fitar da iska, banish ya cika da kumfa. Ba wuta, ba risho, ba janareta a kusa.

Kwana uku ke nan banish ɗin yana danƙo. Me ya faru?

Ɗaya daga cikin huɗu: an shafa da kauri, maiƙo ko ragowar maganin cirewa na ƙasa, banish ɗin ya tsufa a shago, ko katakon ne da kansa. Iroko da tik suna da mai da sinadaran da ke jinkirta bushewar banish na mai, shi ya sa ake goge su da tina ko asiton a bar su su sha iska kafin shafar farko. Ka ba shi mako guda a wuri mai iska. In har yanzu farce na shiga, a sauke a sake.

Ƙananan ramuka zagayayyu inda banish ke gudu kuwa silikon ne daga folish ɗin feshi da aka daɗe ana goge teburin da shi. A wanke da farin sifirit da sababbin tsummoki, a rufe da siririyar shafar shelak marar kaki a ciki, sannan a ci gaba. Ƙurar da ta sauka a shafar ƙarshe, a bari ya ƙanƙame mako biyu, a goge da takardar buhun siminti mai tsabta ko sanfefa 1000 da ɗan ruwa.

Yaushe za mu fara cin abinci a kai, kuma yaya zan yi da tsummokin?

Bayan kwana uku ana iya ɗaga shi a hankali. Bayan mako guda a ci abinci da faifai a ƙarƙashin kwano. Cikakken ƙarfi sai wajen kwana 30, kuma kafin nan kada a shimfiɗa ledar tebur, tana mannewa ta bar sawu. Ka shinshina kusa, in warin ya tafi ya yi. Tukunya daga kan wuta kai tsaye babu banish ɗin da zai jure ta.

Tsummokin da suka sha man linsid ko kala da banish na mai suna yin zafi da kansu in aka dunƙule su, har su kama da wuta ba tare da ashana ba. Ka baza su ɗai-ɗai a ƙasa a waje su bushe ƙarau, ko ka nutsa su a gwangwanin ruwa mai murfi, kafin su shiga shara.